Ƙara kaifin allon umarni a Linux: daga ina ya kamata a fara

Duk kwamfutar da ke aiki da Linux tana da wani baƙin allo a bayan tagogi da hotunan da aka saba gani, wanda babu komai a kansa sai rubutu da ɗan layin da ke ƙyaftawa yana jiran umarni. Ana isa gare shi idan aka danna Ctrl da Alt da F3 a lokaci guda, kuma a na'urorin da ba a ɗora wa tagogi ba, irin su sabar da ke ajiye a ɗakin ofis, shi kaɗai ne fuskar da na'urar ke nuna wa mai kula da ita. Mutane da yawa ba sa waiwayarsa sai ranar da wani abu ya lalace, misali wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta manhaja, ko direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya ƙi tashi, kuma a irin wannan ranar ce mutum yake gane cewa allon da zai yi gyara a kansa bai dace da aiki ba. Ko dai ya tarar da manyan haruffa masu dishi-dishi da aka miƙe suka cika allo, har layi guda na saƙon kuskure ya karye gida uku, ko kuma, a sababbin na'urori, ya tarar da haruffan da sai ya kai fuskarsa dab da gilashi kafin ya iya karanta su.

Abin da nake so na bayyana shi ne cewa waɗannan matsaloli biyu tushensu ɗaya, kuma ba a warware su da kwafo wata lamba daga tsohon bayanin da aka tsinta a intanet. Sai an fara sanin wane ɓangare na tsarin ne yake zana haruffan a kan allon, domin Linux ya bi hanyoyi daban-daban a tsawon shekaru, kuma maganin da ya yi aiki a 2003 yana iya zama shi ne sanadin matsala a yau.

Asalin allon umarni na Linux a kwamfutocin PC shi ne yanayin rubutu zalla na katin VGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. A wannan yanayi allon yana da layi 25, kowane layi yana ɗaukar harafi 80, kuma babbar manhajar ba ta zana komai da kanta. Abin da kawai take yi shi ne ta rubuta bayit biyu domin kowane gurbi, ɗaya na lambar harafin, ɗaya na launinsa, sai katin hoton ya ɗauko siffar harafin daga ma'ajiyarsa ya zana. Ke nan dukan allon bai wuce bayit 4,000 ba, shi ya sa yake da sauri ƙwarai ko a na'ura mai rauni. Hoton da katin ke fitarwa ɗigo 720 ne a kwance da 400 a tsaye. A tsofaffin allunan kwalba masu ƙusumbi wannan bai zama aibi ba, domin suna iya sauya girman hotonsu ba tare da ya gurɓace ba. Amma siraran allunan da muke amfani da su yanzu yawan ɗigonsu a ƙayyade yake, saboda haka idan aka ba allo mai ɗigo 1920 da 1080 hoto mai 720 da 400, dole ya miƙe shi ya cike gurbin da kintace, kuma wannan ne ke jawo dishi-dishin da ake gani a gefen haruffa.

Hanya ta biyu ita ce a bar wa kanel, wato zuciyar tsarin Linux, aikin zanen gaba ɗaya. A nan ana ware wani yanki na ƙwaƙwalwa wanda kowane ɗigo na allo yake da gurbinsa a ciki, kuma duk abin da aka rubuta a wannan yanki shi zai bayyana a gilashi. Linux yana nuna wannan yanki a matsayin fayil mai suna `/dev/fb0`, sannan wani ɓangare na kanel da ake kira `fbcon` yake ɗaukar kowane harafi ya zana shi ɗigo bayan ɗigo. Nauyin aikin ya bambanta nesa ba kusa ba, domin allo mai 1920 da 1080, idan kowane ɗigo ya ci bayit huɗu, yana buƙatar bayit 8,294,400, fiye da ninki dubu biyu na tsohon yanayin. Amma a madadin wannan nauyi an sami 'yanci: kowane girman allo, kowane girman harafi, har da hotuna. An fara gina wannan tsari ne saboda kwamfutocin Amiga da Atari, waɗanda ba su da yanayin rubutu zalla irin na PC, daga baya ya zama na kowa a Linux 2.2 da ya fito a 1999. Waɗanda suka daɗe a harkar za su tuna hoton tsuntsun nan Tux da ke fitowa a saman allo lokacin da na'ura ke tashi, wanda shi ne shaidar cewa wannan yanayi ya kama aiki.

A wancan zamani ne aka haifi lambar da har yau take yawo a tsofaffin bayanai, wato `vga=791`, wadda ake miƙa wa kanel lokacin tashi. Yana da kyau a san daga ina ta fito, domin sanin haka shi zai nuna dalilin da ya sa ta tsufa. Ƙungiyar VESA ta masu ƙera kayan hoto ta tsara jerin yanayin allo da kowane kati zai iya bayarwa ta hannun BIOS, wato manhajar tashi da ke fara aiki da zarar an kunna na'ura, ta ba kowane yanayi lamba. Yanayin ɗigo 1024 da 768 mai launi 65,536 lambarsa `0x117` ce a lissafin tushe goma sha shida, wadda ta yi daidai da 279. Linux yana ƙara 512 a kan kowace lamba ta VESA domin ya bambanta ta da lambobin yanayin rubutu zalla, sai 279 da 512 suka ba da 791. Haka aka sami 788 na ɗigo 800 da 600, da 794 na 1280 da 1024. Direban da ke karɓar wannan yanayi sunansa `vesafb`, kuma rauninsa a bayyane yake. Ba ya iya magana da katin hoton kai tsaye, sai dai a roƙi BIOS ya saita allon tun kafin kanel ya gama tashi, bayan haka kuma babu sauyi sai an sake kunna na'ura. Sannan iyakarsa abin da ke cikin jerin BIOS ɗin katin, alhali girman da aka sha samu a kwamfutocin tafi-da-gidanka masu araha, wato 1366 da 768, ba ya cikin ainihin jerin VESA. Wanda ya sa 791 a irin wannan na'ura ya sami layi 48 masu harafi 128, ci gaba ne a kan 25 da 80, amma har yanzu hoton a miƙe yake, kuma haruffan sun yi faɗin da bai kamata ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne tsarin da ake kira KMS, wanda ya shiga Linux 2.6.29 a 2009, da farko domin katunan Intel, daga baya na AMD da na Nvidia ta hanyar direbobin `radeon` da `nouveau`. Kafin wannan lokaci manhajar tagogi ta X ce ke saita allo da kanta, kanel kuma yana nasa, shi ya sa allon yakan ɗauke na ɗan lokaci duk sanda aka sauya daga tagogi zuwa allon umarni. Da zuwan KMS aikin ya koma hannun direban da ke cikin kanel. Da zarar ya tashi sai ya tambayi allon da aka jona, allon kuma ya amsa da ɗan bayanin da ake kira EDID, wanda tushensa bayit 128 ne, ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi da girmansa da yawan ɗigon da ya fi dacewa da shi. Direban ya zaɓi wannan girma, `fbcon` ya koma kansa. Wanda ya zuba ido lokacin da na'ura ke tashi zai ga lokacin da hakan ke faruwa: rubutu yana gudu da manyan haruffa, sai allon ya ƙyafta sau ɗaya, sai haruffan su dawo ƙanana tsaf. A cikin littafin saƙonnin kanel, wanda umarnin `dmesg` ke nunawa, za a ga layin da ya rubuta a daidai wannan lokaci:

`Console: switching to colour frame buffer device 240x67`

Lambobin nan biyu ba ɗigo ba ne, gurabun haruffa ne. Harafin da kanel ya saba amfani da shi faɗinsa ɗigo 8 ne, tsayinsa 16, saboda haka 1920 a raba da 8 ya ba da 240, sannan 1080 a raba da 16 ya ba da 67 da ɗan saura. Duk mai allo mai ɗigo 1920 da 1080 da ya ga wannan layi ya san allonsa yana kan cikakken kaifinsa.

Ma'anar wannan ita ce, a mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, ba a buƙatar kunna komai. Idan allon umarni ya fito da manyan haruffa masu dishi-dishi, to akwai abin da ya tare hanya, kuma aikin farko shi ne a gano shi. Umarni uku sun isa. `cat /proc/fb` zai faɗi sunan direban da ke riƙe da allon: idan aka ga suna irin `i915drmfb` ko `amdgpudrmfb`, KMS yana aiki, idan aka ga `VESA VGA` ko `EFI VGA`, ana kan hoton da aka gada daga manhajar tashi, idan kuma bai nuna komai ba, ana cikin tsohon yanayin rubutu zalla. `stty size` zai faɗi yawan layuka da gurabu. `cat /proc/cmdline` kuma zai nuna kalmomin da aka miƙa wa kanel lokacin tashi, kuma a nan ne sau da yawa ake kama mai laifin.

Mai laifin da na fi cin karo da shi shi ne kalmar `nomodeset`. Ita ce shawarar farko da ake ba duk wanda allonsa ya yi baƙi lokacin ɗora Linux, kuma takan yi aiki, domin tana hana direbobin KMS tashi gaba ɗaya, sai na'urar ta ci gaba da hoton da BIOS ya bari. Matsalar ita ce kalmar takan zauna a cikin saitin na'urar shekara da shekaru bayan an gyara ainihin abin da ya sa aka saka ta. Kamar sandar da aka ba mai targaɗe ce, ƙafa ta warke amma ba a ajiye sandar ba. Na'urar da ke ɗauke da ita ba allon umarni kaɗai take asara ba, har da saurin hoto a cikin tagogi, da daidaita hasken allo a wasu na'urori, da jona allo na biyu. A ganina duk wanda ya tarar da `nomodeset` a na'urarsa ya kamata ya gwada tashi ba tare da ita ba kafin ya taɓa wani abu, haka kuma ya cire duk wata `vga=` da ya gani tare da ita.

Gwajin ba ya buƙatar a sauya fayil ko ɗaya, kuma wannan ɗabi'a ce da nake so kowa ya riƙa. Lokacin da jerin zaɓin GRUB, wato manhajar da ke ɗora kanel idan an kunna na'ura, ya bayyana, a danna harafin `e`, a gangara zuwa layin da ya fara da `linux`, a goge ko a ƙara abin da ake so, sannan a danna Ctrl da `x` ko F10. Sauyin na wannan tashi ne kaɗai. Idan allon ya yi baƙi, a kashe na'urar a sake kunnawa, komai zai dawo yadda yake. Sai an tabbatar abin ya yi aiki sannan a rubuta shi a fayil ɗin `/etc/default/grub`, a layin `GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT`, a kuma bi shi da umarnin da ya dace da nau'in Linux ɗin da ake amfani da shi: `update-grub` a Debian da Ubuntu, ko `grub2-mkconfig -o /boot/grub2/grub.cfg` a Fedora, ko `grub-mkconfig -o /boot/grub/grub.cfg` a Arch. Wanda ya manta wannan mataki na ƙarshe zai sake kunna na'ura ya ga babu abin da ya sauya, domin GRUB ba ya karanta wancan fayil kai tsaye.

Akwai kuma yanayin da KMS yana aiki daidai amma allon ya tsaya a 1024 da 768. Wannan ya fi faruwa da kwamfutocin tebur da aka jona da wayar VGA mai shuɗin kai, irin waɗanda suka cika makarantu da shagunan buga takardu. Bayanin EDID yana bi ta wasu ƙananan ƙusoshi na musamman a cikin kan wayar, kuma idan wayar mai arha ce da ba a haɗa mata waɗannan ƙusoshi ba, ko ɗaya ya lanƙwashe, ko an bi ta wata na'urar raba hoto, sai hoton ya iso lafiya amma bayanin bai koma ba. Direban da bai ji amsa ba ba ya yin kasada, sai ya tsaya a girman da kusan kowane allo ke ɗauka. Ana iya tabbatar da haka a cikin `/sys/class/drm`, inda kowace kafa ta katin hoto take da jakarta mai suna irin `card0-VGA-1` ko `card0-HDMI-A-1` ko `card0-eDP-1`. A cikin kowace akwai fayil `status` da ke faɗin ko an jona wani abu, da `modes` da ke jera girman da aka sani, da `edid`, wanda zai kasance wayam idan bayanin bai iso ba. Magani mafi sauƙi shi ne a sauya waya. Idan hakan bai samu ba, sai a faɗa wa kanel girman da baki:

`video=VGA-1:1440x900@60`

Sunan kafar shi ne wanda aka gani a jakar bayan an cire `card0-`, lambar ƙarshe kuma yawan sabunta hoto ne a daƙiƙa. Idan aka ƙara harafin `e` a ƙarshe, an tilasta wa kafar ta kunnu ko da direban bai ga allo ba, idan kuma aka rubuta `d`, an kashe ta. Wannan na biyun yana da amfani ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka da ya jona babban allo. Allon umarni hoto ɗaya yake aikawa ga dukan allunan da aka jona, saboda haka yakan ɗauki girman ƙaramin cikinsu, sai rubutun ya takure a kusurwar hagu ta sama ta babban allon, sauran fili ya zauna baƙi. Da `video=eDP-1:d`, ko `LVDS-1` a tsofaffin na'urori, an kashe ƙaramin, babban ya sami cikakken filinsa. Sai dai a yi hattara da mayar da wannan saiti na dindindin a na'urar da ake yawo da ita, domin ranar da aka fita ba tare da babban allon ba za a tarar da duhu.

Saura na'urorin da babu direban KMS a gare su, ko aka kashe shi da gangan, kamar wasu tsofaffin sabar da wasu kwamfutocin kwaikwayo da ake gudanarwa a cikin wata kwamfutar. A nan hanyar gado ce ta rage, amma ba da `vga=` ba, domin GRUB 2 ya daina ƙarfafa amfani da ita. A jerin zaɓin GRUB a danna `c`, a rubuta `videoinfo`, zai jero girman da manhajar tashi ta na'urar ke iya bayarwa. A zaɓi ɗaya daga ciki, a rubuta shi a `GRUB_GFXMODE`, sannan a sa `GRUB_GFXPAYLOAD_LINUX=keep` domin GRUB ya miƙa wa kanel allon yadda yake ba tare da ya mayar da shi yanayin rubutu ba. A na'urorin UEFI, wato tsarin da ya maye gurbin BIOS, abin ya fi sauƙi, domin ba su da yanayin rubutu zalla tun farko, kuma direban `efifb`, ko `simpledrm` da ya shigo a Linux 5.14, yana karɓar hoton da aka bar masa. Masu katin Nvidia da ke amfani da direban kamfanin sun daɗe a kan wannan hanya ta gado, amma yanzu suna da `nvidia-drm.modeset=1`, kuma tun daga direba mai lamba 545 akwai `nvidia-drm.fbdev=1` da ke ba allon umarni cikakken kaifinsa.

To, an sami kaifin, amma aikin bai ƙare ba, kuma a nan ne nake ganin yawancin bayanan da ake rubutawa suke tsayawa da wuri. Harafin 8 da 16 an tsara shi ne domin allo mai ɗigo 400 ko 480 a tsaye. Idan aka ɗora shi a allo mai 3840 da 2160, za a sami layi 135 masu harafi 480, kuma idan allon na kwamfutar tafi-da-gidanka ne mai inci 15, tsayin gurbin kowane harafi bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Babu idon da zai jure wannan, balle a tsakiyar dare ana neman dalilin da ya hana na'ura tashi. Kuskuren da wasu ke yi shi ne su koma su rage kaifin allon da `video=`, wato su dawo da dishi-dishin da aka gudu. Abin da ya dace shi ne a bar allon a kan ainihin ɗigonsa, a ƙara girman harafi.

Salon haruffan da ya fi shahara domin wannan aiki shi ne Terminus, na Dimitar Zhekov, wanda aka zana ɗigo-ɗigo musamman domin dogon karatu a allon umarni, kuma yana zuwa da girma daban-daban har zuwa 16 da 32. Lissafin mai sauƙi ne, kuma gara mutum ya yi shi kafin ya zaɓa. A allo mai 1920 da 1080, harafin 12 da 24 yana ba da layi 45 masu harafi 160, na 16 da 32 kuma yana ba da layi 33 masu harafi 120. A allo mai 3840 da 2160, na 16 da 32 yana mayar da mutum ga 240 da 67. Ni a allo mai 1080 na fi son 12 da 24, saboda 160 ninki biyu ne na 80 daidai, kuma zan dawo kan amfanin hakan. Ana gwadawa nan take da umarnin `setfont`, misali `setfont ter-v24n` a Arch ko Fedora idan an ɗora kunshin Terminus, kuma allon zai sauya a gaban ido ba tare da an sake kunna komai ba. Domin ya zauna, a Debian da Ubuntu ana amfani da `dpkg-reconfigure console-setup`, wanda zai yi tambayoyi ya rubuta amsoshin a `/etc/default/console-setup`. A sauran rabe-raben Linux, wato nau'o'insa, da ke bin tsarin systemd ana rubuta `FONT=` da sunan salon a `/etc/vconsole.conf`. Waɗannan saituna ba sa kama aiki sai tashin ya yi nisa, saboda haka saƙonnin farko za su fito da ƙananan haruffa. Tun Linux 5.0 akwai Terminus mai 16 da 32 a cikin kanel ɗin kansa, kuma idan masu rabon sun haɗa shi da shi, `fbcon=font:TER16x32` a layin tashi zai sa a yi amfani da shi tun daga farko.

Akwai wani ɓangare na maganar haruffa da ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye. Allon umarni na Linux ba ya iya riƙe siffofin haruffa fiye da 512 a lokaci guda, yawancin salo ma 256 ne kawai, kuma wannan iyaka gado ce daga katin VGA da ba ta gushe ba duk da cewa kanel ne ke zane yanzu. Salon da kanel ke tashi da shi yana bin jerin haruffan tsohuwar IBM PC ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Wanda ya sa wa fayil suna `ƙididdigar_ɗalibai.txt` a cikin tagogi, idan ya shiga allon umarni ya rubuta `ls`, zai iya ganin ɗan murabba'i ko wata alama a gurbin haruffan biyu masu lanƙwasa. Fayil ɗin lafiyarsa lau, sunansa ma bai sauya ba, siffar ce kawai babu a ma'ajiyar allon. Umarnin `showconsolefont` yana baje dukan siffofin da aka ɗora a halin yanzu, kuma ina ba da shawarar a duba shi bayan kowane `setfont`, domin girman salo ba ya nuna abin da ke cikinsa. Idan aikin mutum ya ƙunshi karanta ko gyara rubutun Hausa a wannan allo, hanyar da ta fi tabbas ita ce manhaja irin `fbterm` ko `kmscon`. Waɗannan suna zana haruffa da kansu a kan allon, suna amfani da salon haruffa iri ɗaya da na tagogi, saboda haka iyakar 512 ba ta shafe su ba, kuma da salo mai faɗi irin GNU Unifont duk haruffanmu za su fito. Ina ganin wannan dalili ne mai ƙarfi na damuwa da lamarin, domin a tsohon yanayin rubutu zalla waɗannan manhajoji ba sa aiki ko kaɗan.

Haka nan tunda allon ya zama na ɗigo, ana iya ganin hoto a kansa ba tare da tagogi ba. Manhajar `fbi` tana buɗe hotuna, `mpv --vo=drm` yana nuna bidiyo, `links2 -g` kuma yana buɗe shafukan intanet da hotunansu. A rabe-rabe da yawa sai mai amfani ya kasance cikin rukunin `video` kafin a ba shi damar taɓa `/dev/fb0`. Ga tsohuwar na'ura mai ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda tagogi ke yi wa nauyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne wanda ke ba tsofaffin hannu mamaki. Shekaru da yawa ana danna Shift da PageUp domin a koma baya a ga rubutun da ya wuce sama, amma a 2020, a Linux 5.9, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya cire wannan damar saboda an gano kurakurai masu haɗari a cikin lambobinta kuma babu mai kula da su. Yanzu abin da ya fita daga saman allo ya tafi, kuma wannan ya ƙara wa yawan layuka daraja: mai layi 45 yana ganin kusan ninki biyu na abin da mai layi 25 ke gani kafin saƙo ya ɓace. Dogon rubutu sai a tura shi cikin `less`, kamar `dmesg | less`, sauran aiki kuma a yi shi a cikin `tmux`, wanda ke ajiye tarihin abin da ya wuce. A nan ne gurbi 160 da na ambata yake nuna amfaninsa. Idan aka danna Ctrl da `b` sannan alamar `%`, `tmux` zai raba allon gida biyu a tsaye, kowane ɓangare ya sami kusan gurbi 80, wato faɗin da aka tsara shafukan `man` masu bayanin umarni da yawancin fayilolin saiti a kansa. Sai mutum ya bar `journalctl -f` yana zubo saƙonnin tsarin a dama, yana gyara fayil a hagu, yana ganin sakamakon kowane sauyi a daidai lokacin da ya ajiye shi.